Munduwar ƙirga taku ko agogon waya: amsa ga Alhajin Marwa

Wani Alhaji mai sayar da hatsi a Marwa ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice: "Likita ya ce jinina ya fara hawa, in rage gishiri, in riƙa tafiya kullum. Na ware sefa dubu 40 in sayi abin da zai riƙa ƙirga mini tafiyar. A kasuwa an nuna mini iri biyu: wata siririyar roba mai ƙaramar fuska, da wani babban agogo da yaron shagon ya ce Nike da Apple ne suka haɗa kai suka ƙera shi, wai har awon jini yana yi. Wayata Tecno ce. Wanne zan ɗauka? Kuma da gaske ne in kamfanin kayan wasanni ya sa tambarinsa a jikin agogo ya fi sauran?"

Alhaji, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Ka ɗauki siririyar, canjin da ya rage kuma ka cika shi ka sayi abin awon jini na damtse a shagon magani. Da a gabana kake zaune, iyakar abin da zan faɗa maka ke nan, sai mu koma hirar farashin dawa. Amma tunda a rubuce ka tambaya, kuma akwai irinka da yawa da ke juya wannan tunani, bari in warware maka zare da abawa.

Sana'ata gyaran waya ce a nan Garwa, kuma 'yan shekarun nan agogunan da ake kawo mini sun cika aljihun teburina. Ban da haka ina cikin masu fita gudun asuba ta wajen filin ƙwallo na Roumdé Adjia. Saboda haka abin nan na ɗaura shi na yi gumi da shi, na kuma farke cikinsa na ga hanjinsa.

Mu fara da babban, tunda shi ya ɗauki idonka. Yaron bai ƙirƙiri labarin daga sama ba: Apple da Nike sun fitar da agogo tare a 2016, ana ce masa Apple Watch Nike+. Inda ya saki hanya shi ne da ya ce wanda ke hannunsa shi ne. Agogon Apple mafi araha, sabo a kwali, dala 249 ne a Amurka, wato ya haura sefa dubu 130 tun ba a yi maganar kuɗin jirgi da na duwan da ribar mai shago ba. Wanda zai sallama maka shi a dubu 40, ko dai ba shi ba ne, ko kuwa akwai mai kuka a wani gari. Sannan ko na gasken ne aka ba ka kyauta, ba zai yi maka aiki ba, domin agogon Apple ba ya haɗuwa da kowace waya sai iPhone. Shi da wayarka ko gaisawa ba za su yi ba.

Kwanakin baya wani ɗan moto ya kawo mini irin wannan, wai ya daina kama caji. Kwali mai kyau, fuska mai sheƙi, har da alamar nan ta Nike a jikin robar. Na ɗumama bayansa na ɓalle. Ta waje akwai 'yan tagogi huɗu kamar na asalin, amma ta ciki ƙwan fitila kore guda biyu ne kawai a manne, babu idon da ke karanta hasken. Batirin bai fi farcen babban yatsa ba, sauran ramin kuma wani guntun ƙarfe aka liƙa da gam don in ka ɗaga ka ji nauyi. Na ce da shi, ƙanena, me agogon nan yake nuna maka in ka auna? Ya ce bugun zuciya kullum saba'in da 'yan kai, jini kuma 120 bisa 80. Sai ya yi shiru, can ya ce ai da shi yake auna mahaifiyarsa kowace safiya, har ta rage shan maganinta don agogo ya ce lafiyarta ƙalau. Na rufe shago da wuri ranar, na ce ya ɗauke ta su tafi asibiti. Tun daga nan ba na ɗaukar maganar waɗannan agogunan da wasa.

To, a ce duka biyun na gaskiya ne, me ya raba su? A wajen aikin da kai kake nema, kusan babu. Abubuwa biyu ne ke yin aikin, kuma suna cikin kowanne. Na farko wata 'yar ƙwaya ce da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, mai jin girgiza da karkata. Ita ke lura da lilon hannunka ta ce ka yi taku. Na biyu koren hasken nan ne da kake gani yana ƙyalli a baya, da ɗan ido kusa da shi. Jini yana shanye koren haske. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini ya cika jijiyoyin wuyan hannu, hasken da ke komawa idon sai ya ragu. Ta saki, ya ƙaru. Wannan raguwa da ƙaruwa ake lissafawa a ce maka bugunka kaza ne a minti. Munduwar dubu 20 ta kamfanin ƙwarai da agogon dubu 200, hanyar ɗaya ce. Abin da agogo ya ƙara shi ne babbar fuska, lasifika da makirfo na amsa kira, karanta saƙo har da mayar da amsa, sau da yawa GPS na kansa mai gane inda kake da nisan da ka yi, wasu kuma har da wurin zuba manhajoji. Ƙaramar waya ce a hannu. Kowane ɗayan waɗannan kuwa batir yake ci.

A nan ne maganar ta zo gidanmu. Shekara da shekaru Apple da kansa awa 18 ya riƙa rubutawa a kan agogonsa na yau da kullum. Na Samsung kwana ɗaya zuwa biyu. Munduwa kuwa mako guda zuwa biyu take yi a caji ɗaya. Ta farko da Xiaomi ya fitar a 2014, wadda ba ta da fuska ma, wata guda take yi, kuma kusan dala 13 aka sayar da ita a Sin. Wanda ke zaune inda wuta ba ta ƙiftawa ba zai ga girman wannan bambanci ba. Kai da ka san yadda ake kwana a Marwa cikin watan Afrilu, fanka a tsaye, kowa na neman inda zai soka waya, ka san agogo shi ne na ƙarshe a layin caji. Yau ka manta, gobe babu wuta, jibi ka fita da shi a mace, ranar Juma'a ya koma aljihun babbar riga, shi ke nan an yi sallama. Yawancin agogunan da ke aljihun teburina ba lalacewa suka yi ba, gajiya masu su suka yi da hidimarsu. Kuma wanda yake kwana a kan caji ba zai auna maka barci ba, ba zai ga bugun zuciyarka na hutu ba, alhali wannan lambar ce za ta fara sauka in tafiyar ta soma karɓar jikinka.

Sai zafi. Irin batirin da ke cikin kayan nan ba ya shiri da rana. Apple ya ce a yi amfani da agogonsa tsakanin digiri 0 da 35. Mu kuwa a Maris da Afrilu 40 muke wucewa a inuwa. Kada ka bar shi a gaban gilashin mota, kada ka yi masa caji a rana, kada ka ajiye shi a kan buhu a bakin rumfa ka tafi masallaci. In ka ga fuskar ta fara ɗagowa daga jikinta, batir ne ya kumbura, cire shi daga hannunka nan take. Wannan ba ciwon kayan araha kaɗai ba ne. A 2022 kamfanin Fitbit ya janye agogonsa mai suna Ionic, kusan miliyan 1.7 a duniya, saboda batirin yana zafi har ya ƙona fata. Riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Akwai kuma abin da masu ƙera su ba su yi lissafi da shi ba: alwala sau biyar. Ka duba a kwali ko a bayan abin a ce an rubuta 5ATM. Wannan yana jure ruwa har iyo. Mai IP67 yana jure fantsama, amma ban cika yarda da shi ga mai wanke hannu har gwiwa kullum ba. Ruwan zafi da sabulu suna cinye robar da ta toshe bakinsa, don haka cire shi in za ka yi wanka. Wajen alwala kuma ka sassauta ko ka zame shi sama don ruwa ya taɓa fata, in ka gama ka goge ƙarƙashinsa. Gumi da ƙurar hunturu in suka kwanta a ƙarƙashin roba, ƙuraje ne da ƙaiƙayi. Siririyar munduwa ta fi sauƙin wannan hidimar nesa ba kusa ba.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ta fi ba ni sha'awa, domin labarin auren kamfanonin kayan wasanni da na fasaha labari ne mai yawan ɗaurin aure da yawan saki.

Nike ne ya fara buɗe fage da ƙarfi. A 2006 shi da Apple suka fitar da wata 'yar na'ura da ake sakawa a rami ƙarƙashin shimfiɗar takalmi, tana aika yawan gudunka zuwa iPod, abin jin waƙa na Apple. Zumuncin ma ba na nesa ba ne: Tim Cook, wanda daga baya ya zama shugaban Apple, yana cikin kwamitin daraktocin Nike tun 2005. A 2011 Nike ya yi agogon gudu tare da TomTom, kamfanin taswira na Holan. A 2012 ya ce bari ya tsaya da ƙafarsa, ya fitar da munduwarsa ta kansa, FuelBand. An yi ta yayinta a Amurka kamar ba gobe. Shekara biyu kacal, a 2014, ya sallami yawancin ma'aikatan sashen ya daina ƙera na'ura. A 2015 ma sai da shi da Apple suka yi sulhu da masu saye da suka kai ƙara cewa munduwar ba ta ƙirga abin da aka ce tana ƙirgawa daidai. A wannan shekarar agogon Apple ya shigo kasuwa, shekara ta zagayo Nike ya dawo a matsayin mai ba da suna.

To me Nike ya zuba a cikin wancan agogo na 2016? Roba mai huji-huji don iska ta shiga, zanen fuska na musamman, da manhajar gudunsa. Injin ciki, idon bugun zuciya, batir, duk ɗaya ne da na agogon da babu tambari, har farashin ma ɗaya. Daga 2022 Apple ya daina sayar da shi a matsayin agogo na daban. Robar ana sayenta ita kaɗai, zanen fuskar kuma aka buɗe wa kowa. Ka ga ke nan ko a gidan da auren ya fi daɗewa, kayan da amarya ta zo da su labule ne da zanen gado.

Sauran fa? Adidas ya daɗe yana fama da nasa kayan masu suna miCoach, a 2015 ya sayi manhajar Runtastic ta ƙasar Ostiriya a kan yuro miliyan 220, wato kimanin sefa biliyan 144, daga baya ya bar ƙera na'ura ya koma ba da suna shi ma. A 2018 aka fitar da agogon Fitbit mai tambarin Adidas. Ka san wane agogo ne? Ionic ɗin nan da na ce ka riƙe sunansa. Da aka zo janyewa, mai tambarin Adidas ma yana ciki. Zane uku a jikin roba bai hana batir zafi ba. Under Armour, kamfanin kayan wasanni na Amurka, shi ya fi kowa zuba kuɗi a sayen manhajojin motsa jiki: ya sayi MapMyFitness dala miliyan 150 a 2013, ya ƙara da MyFitnessPal miliyan 475 da Endomondo miliyan 85 a 2015, ya haɗa kai da HTC suka yi munduwa da ma'aunin nauyi a 2016, ya kuma sa sunansa a agogon Samsung a 2019. A 2020 ya sayar da MyFitnessPal a kan miliyan 345, ƙasa da yadda ya saya, ya rufe Endomondo gaba ɗaya. New Balance ya yi agogo da Intel a 2017, Puma ya yi da Fossil a 2019, yau sai ka sha wahala kafin ka ji mai ambatonsu. Shi kansa Fitbit, da ya yi suna da munduwa, Google ya haɗiye shi a kan dala biliyan 2.1, cinikin ya kammala a farkon 2021.

Kai ɗan kasuwa ne, za ka fi ni gane dalili. Takalmi da riga, in ka sayar ka gama. Baɗi ka canza launi ka sake sayarwa, riba mai kauri. Na'ura kuwa in ka sayar yanzu hidimarta ta fara: injiniyoyi, gyaran manhaja duk lokacin da waya ta sabunta, rumbun ajiyar bayanai, masu amsa koke, ga ɗan Sin yana sayar da irinta a kashi ɗaya bisa goma na farashinka. Uwa uba, agogo bawan waya ne, wayar kuma ba ta Nike ba ce, ba ta Adidas ba. Mai sayar da hatsi ne ya ce zai buɗe injin niƙa a cikin gidan wani. Da suka ƙirga suka ga kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu, sai suka riƙe abin da dama shi suke so: su san wa ke gudu, kilomita nawa ya yi, yaushe takalminsa zai gaji su tallata masa sabo. Wannan manhaja ta ishe su, ba sai sun ƙera ƙarfe ba.

Ba raina su nake ba. A fagensu gwanaye ne, mu 'yan Kamaru shaida ne. Wa ya manta rigar nan marar hannu da Puma ya ɗinka wa 'yan wasanmu suka ci kofin Afirka da ita a Mali a 2002, har FIFA ta ce ba za a shiga gasar duniya da ita ba sai da aka ɗinka mata baƙin hannu? Sanin yadi, sanin gumi, sanin yadda za a sa duniya ta yi magana, nan babu mai ja da su. Shi ya sa in ka ce mini robar nan mai huji ta fi daɗi a zafinmu, zan ce gaskiya ne, ni ma irinta nake ɗaurawa. Amma idon da ke karanta jininka ba su suka yi shi ba.

Abin da wannan labari ya shafe ka da shi shi ne manhaja. Munduwa ba ta da amfani sosai sai da manhajar da ke waya, can take juye lissafinta. Ranar da manhaja ta mutu, abin hannunka ya zama ado. Na ga wannan a shago ba sau ɗaya ba: mutum ya canza waya, ya zo in sake haɗa masa agogonsa marar suna, mu nemi manhajar sama da ƙasa an cire ta, lambar da ke jikin takardar kwalin ta kai mu shafin da babu kowa. Saboda haka tambayar da ta fi "tambarin wa ke jiki?" ita ce "wa ya ƙera, kuma zai kai baɗi?" Xiaomi, Huawei, Samsung, waɗannan wayoyi suke sayarwa, ba za su watsar da manhajarsu gobe ba. Oraimo ma ɗan gida ɗaya ne da Tecno ɗinka, duk na kamfanin Transsion ne, kuma kayansa da cajarsa sun fi sauƙin samu a kasuwanninmu. In Huawei ka zaɓa, ka sa yaron ya saukar maka da manhajarsu a gabanka, don sau da yawa sai an bi ta shafinsu.

Cajar ma abin kula ce. Kowane kamfani da irin bakin tasa, mai maganaɗisu, ba ta shiga ta wani. Ta ɓace, abin ya mutu. In akwai ta biyu a shagon, saya tun ranar.

Game da gaskiyar lambobin, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Taku ƙiyasi ne. Ka hau moto a hanyar da ta lalace, za ta rubuta maka tafiyar da ba ka yi ba. Mai daka a turmi takan wayi gari ta fi ɗan tsere taku. Kai kuma mai awo da kwano tun safe, in ka ɗaura a hannun dama, kowane kwanon gero taku ne. Ɗaura a hagu. Bugun zuciya ya fi kusa da gaskiya. A 2017 masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada na'urori bakwai: shida sun kama bugun zuciya da kuskure ƙasa da kashi 5 cikin ɗari, amma wajen ƙirga ƙarfin abincin da jiki ya ƙona, wadda ta fi kowa ƙoƙari ta kauce da kashi 27, ta ƙarshe da kashi 93. Sun kuma lura kuskuren yana ƙaruwa ga mai duhun fata da mai jiki. Don haka ka matse ta daidai, yatsa guda sama da ƙashin wuyan hannu, kuma lambar nan ta kalori kada ka bari ta ba ka izinin ƙarin tuwo.

Awon jini kuwa, a nan nake roƙonka. Agogunan ƙwarai da ke taɓa wannan aiki kaɗan ne kuma masu tsada. Na Samsung sai an daidaita shi da abin awo na damtse duk bayan mako huɗu. Huawei yana da ɗaya mai jakar iska a cikin robar, tana kumbura ta matse hannu kamar na asibiti. Agogon dubu 40 da ke ba ka lamba da haske kawai, wasan yara ne. Mai cewa yana auna sukari ya fi shi haɗari: a Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke auna sukari ba tare da huda fata ba. Abin damtse na hannu, a zaune, bayan hutun minti biyar, safe da yamma, ka rubuta a littafi ka kai wa likitanka. Shi zai ce a ƙara magani ko a rage.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ya dace da garinku. Manhajojin nan suna zana taswirar inda ka bi, wasu kuma a buɗe suke barinta sai ka rufe da kanka. A 2018 taswirar da kamfanin Strava, mai manhajar masu gudu, ya wallafa ta tona asirin sansanonin soja a ƙasashe da dama, saboda sojoji na gudu da agogunansu a kewayen sansani. A shekarar kuma aka sace bayanan asusu kusan miliyan 150 na MyFitnessPal. Ɗan kasuwar da aka san yana juya kuɗi, a yanki irin namu, ba ya buƙatar duniya ta san ƙarfe nawa yake fita daga gida da kwanar da yake bi kullum. Ka sa a rufe maka wannan, kuma kada ka riƙa ɗora hoton taswirar a WhatsApp.

Kada in yi wa agogo rashin adalci, yana da mutanensa. Yaran da muke gudu da su masu shirin tseren Dutsen Kamaru a Buea, ko masu neman shiga aikin ɗamara da ke son sanin minti nawa suke cinye kilomita, su agogo mai GPS irin na Garmin ko Coros ya dace da su, kuma waɗannan batirinsu yana jimawa, sai dai kuɗinsu ba na wasa ba ne. Ɗan moto da ke son ganin mai kira ba tare da ya laluba aljihu ba, shi ma yana da hujja. Akwai kuma aibi guda na munduwa da ba zan ɓoye maka ba: rubutunta ƙanana ne. In sai da tabarau kake karanta saƙo, nemi mai ɗan faɗin fuska, akwai su yanzu tsaka-tsaki, siffar agogo amma cikin munduwa, suna kai mako a caji.

Za ka ga an saita maka taku 10,000 a rana. Kada ya tsorata ka. Lambar daga tallar wani abin ƙirga taku ta fito a Japan a 1965, sunansa ma ma'anarsa ke nan, ma'aunin taku dubu goma. Hukumar Lafiya ta Duniya minti take ƙirgawa: aƙalla 150 a mako na motsi matsakaici, wato rabin awa sau biyar, tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma numfashi ya ɗan ɗaga. Makon farko kada ka canza komai, ka ga nawa kake yi a zamanka na kasuwa. In dubu uku ne, mayar da burin dubu huɗu da rabi, bayan mako biyu ka ƙara. Bayan sallar asuba, ƙarƙashin itatuwan dogon yaro na titunan Marwa, kafin rana ta buɗe ido.

Ranar da za ka koma kasuwa, kada ka sayi kifi a ruwa. Sa yaron ya haɗa ta da wayarka a tsaye a nan, ka ga manhajar ta buɗe ta nuna sunan abin. Ɗaura, ka zauna, ka sa yatsu biyu a jijiyar ɗaya hannun ka ƙirga bugu na daƙiƙa 30 ka ninka biyu, ka gwada da abin da ta nuna. Bambancin uku ko huɗu ba komai. Sannan ka miƙa wa yaron ya ɗaura ya yi tsalle na minti guda a gabanka. Ta gaskiya za ta haura ɗari, ta sauko a hankali in ya huta. Ta bogi tana nan a saba'in da biyar ɗinta ko da zai faɗi. Daga nan ka taka taku ɗari a layin kana ƙirgawa da baki. In ya ƙi yarda a yi waɗannan, shago na gaba. Ka karɓi rasit mai hatimi, ka ajiye kwalin, in kuma wata hidima ta kawo ka Garwa ka biyo da ita in duba maka saitin.